An sake saka min Windows, yanzu Ubuntu ta ɓace, ya zan yi?

Ɗalibar_Injiniya:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah a taimaka min. Laftof ɗina HP ce tsohuwa, akwai Windows 10 da Ubuntu 22.04 a kanta, da can in na kunna sai baƙin shafin nan na GRUB ya fito in zaɓi wadda zan shiga. Satin da ya wuce Windows ta dinga nauyi tana maƙalewa sai na kai wa wani mai gyara ya saka min sabuwa, to tun ranar in na kunna kai tsaye Windows take wucewa, ba GRUB ba alamar Ubuntu. Duk aikin furojet ɗina yana can ciki, wallahi ko barci ban iya yi ba jiya.

Baban_Hanif:
Wa alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, galibi fayilolin suna nan, hanyar shiga ce kawai ta toshe. Ki buɗe Disk Management ki duba, in kin ga wani ɓangare marar harafi to shi ne Ubuntu ɗinki, Windows ba ta karanta ext4, wato tsarin da Ubuntu ke ajiye fayiloli da shi, shi ya sa. Kar ki kuskura ki yi masa fomat ko da ta nemi ki yi. Sannan ki rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows ki faɗa mana me aka sa a BIOS Mode, wato salon da kwamfutar ke tashi da shi, UEFI ko Legacy. In UEFI ne abin da sauƙi, F9 za ki danna lokacin kunnawa ki zaɓi ubuntu, daga baya ki danna F10 ki shiga saitin BIOS ki dawo da Ubuntu saman jerin abin da kwamfutar ke fara tashi da shi.

Ɗalibar_Injiniya:
Na gode Yaya. Ɓangaren yana nan alhamdulillah, amma Legacy na gani a rubuce, kuma F9 bai nuna min ubuntu ba.

Mai_Linux_Zariya:
To MBR ne aka taka. Wato baiti 512 na farkon hadis (hard disk) ɗin, nan GRUB yake ajiye ƙafarsa ta farko, duk wanda aka saka ƙarshe shi yake rubuta nasa a wurin, shi ya sa ake cewa a fara saka Windows sannan Linux. Ki samu filas mai Ubuntu ki tashi da shi ki zaɓi Try Ubuntu. Kafin ki taɓa komai ki kwashe furojet ɗin nan zuwa wani filas daban, na sha ganin wanda kuskuren harafi ɗaya ya sa shi kuka. Sai ki buɗe tamina (Terminal, wurin rubuta umarni) ki rubuta lsblk -f ki nemo mai ext4, mu ce sda5 ne:

sudo mount /dev/sda5 /mnt
for i in dev proc sys; do sudo mount --bind /$i /mnt/$i; done
sudo chroot /mnt
grub-install /dev/sda
update-grub

Ki lura da kyau Malama, sda ne a layin grub-install, ba lamba a bayansa, domin kan hadis ɗin gaba ɗaya ake saka shi ba kan ɓangare ba.

Baban_Hanif:
In rubutun ya yi miki yawa akwai manhajar Boot-Repair mai gyara GRUB, Recommended repair kawai za ki danna, sai dai yana buƙatar data kafin ki sauke shi. Ni dai na fi son hanyar da malam ya kawo don kina ganin abin da ke faruwa da idonki.

Ɗalibar_Injiniya:
Alhamdulillah GRUB ya dawo, na shiga Ubuntu komai na nan, Allah ya saka muku da alheri! Amma kuma yanzu Windows ce babu a jerin.

Mai_Linux_Zariya:
Amin. Wannan os-prober ne, wato abin da ke nemo wa GRUB sauran tsare-tsare irin su Windows, tun GRUB 2.06 a kashe yake zuwa. Ki buɗe /etc/default/grub da sudo ki ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false ki adana, sai ki sake sudo update-grub za ki ga ya gano ta. In kin shiga Windows ɗin kuma ki kashe Fast Startup a Power Options, in ba haka ba wani lokacin Ubuntu ba za ta bari ki ajiye komai a ɓangaren Windows ba.