Wai abin da ake turowa a WhatsApp ma littafi ne?

Ɗan Sinnar: Jama'a, abin ya ishe ni. Sababbin littattafan Hausa da ake turowa nan, daga rikicin kishiya sai attajiri ya auri 'yar aikinsa. Ga labari a ƙofar gidanmu: an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan aka kafa garin Mai Wurno, amma ba wanda ya ɗauki alƙalami. Marubucin Sudan Hammur Ziyada ya ɗauki zamanin mulkin Mahdiyya ya rubuta labari, har ya ci kyautar Najib Mahfuz a 2014. Mu fa?

Malama Kasala: Yaya, tsaya tukuna. Abin da ake turowa a waya kake kira littafi? Littafi sai ya bi hannun mai gyara, an tace shi, an buga.

Autar Gadarif: Haba Malama. Wanda aka karanta shi ne littafi, takarda ba ta sa albarka.

Malama Kasala: Ƙanwata, ba takardar nake ji ba, yadda ake yin sa ne. Marubuciya tana buga shafi a waya kullum, ta saki na farko kyauta, sauran sai an biya a shiga gurup. Tana rubutu tana karanta sharhin masu biya. Suka ce kar a saki jaruma, sai ta ƙaro wata kishiya don labarin ya yi tsawo. Shi ya sa tsakiya ke kumbura, ƙanen miji da aka kira Sani a farko ya koma Nura a gaba, ƙarshe kuma ya zo a guje cikin shafi biyu. Ba ta da damar komawa baya ta gyara, don an riga an karanta, an kwafa, an watsa.

Autar Gadarif: To na gasar rubuta littattafan Hausa ta Zariya ta 1933 da kuke ɗagawa, ai wani cikinsu a zama ɗaya ake gama shi. Kuma BBC Hausa na yin gasar gajerun labarai ta Hikayata tun 2016, mata na rubuta abin kirki. Hassada ce kawai.

Baba Alhaji: Ku koma kan maganar yaron nan. Mai son rubuta hijirar nan ya fara zana hanya: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, sannan kogin Nilu, mai niyyar Makka ya nufi tashar ruwa ta Sawakin. Ali Dinar na kan mulkin Darfur har 1916, ayari ba ya ratsa ƙasarsa kamar ba mai ita. Kar a hau da mutanen 1904 jirgin ƙasa a Ubayyid ta Kurdufan, dogo bai isa can ba sai bayan 1910. Kar kuma a sa su aiki a babban shirin noman auduga na Jazira kafin a gama dam ɗin Sinnar a 1925.

Ɗan Kano a Madani: Duk wannan ilimi amma ba ku rubuta ba. Ku Takari sai surutu, mu ke rubutawa.

Ɗan Sinnar: Wa kake kira Takari, ya zol? Kakanninmu sun riga kakanka ganin jirgi.

Autar Gadarif: Mai Wurno ma ai na Fulani ne, me ya kawo Hausa ciki?

Baba Alhaji: 'Yar nan, je ki kasuwar garin ki ji da wane harshe ake ciniki.

Ɗan Kano a Madani: Ni dai a janye maganar kakana.

Admin: An rufe nan. Abin da aka tsayar: Malama ta yi gaskiya, na waya ba littafi ba ne, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe ta. Ɗan Kano ya goge saƙonsa kafin Isha'i. Masu turo shafukan kuɗi na sata kuma, daga yau cirewa ce.