Zoben ɗaure kaya a bodin Hilux: huji zan yi ko walda?

Ɗan Kadawa

Assalamu alaikum jama'a. Hilux gare ni mai ƙofa huɗu, ta hannu ce na saya. Bodinta ya zo da ƙugiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, amma biyun baya tsatsa ta gama da su. Kayan da nake ɗauka: injin ban ruwa, durom biyu, wani lokacin babur, in tumatir ya faɗo kuma kwanduna zuwa 'Yankaba. A tsakiyar bodin babu inda zan saƙala igiya, sai dai in zagayo da ita ta waje, har ta fara cin fenti.

Na sayo zobba shida na ƙarfe a Ƙofar Ruwa, kowanne a kan ɗan faranti mai huji biyu. Mai shagon ya haɗo min da sukurori masu cin ƙarfe da kansu, ya ce kawai in murza. Raina bai kwanta da su ba. Ina da injin huji da sifanoni. In yi da kaina, ko in kai wa mai walda ya ɗiga min su? Kuma a ƙasa ya fi ko a bango?

Usta Panteka

Wa alaikumus salam. Alhaji, sukurorin nan ka ajiye su don rufin kwano. Ƙarfen bodi bai fi kaurin milimita ɗaya da 'yan kai ba, zare ɗaya ko biyu kawai sukurin zai kama. Gargada ta yi ta girgiza shi, ramin ya buɗe, ran da ka taka birki da ƙarfi ya tsige ya bar ka da zobe a bakin igiya. Ƙugiyoyin da ake kawo mana gyara, da wuya ka ga zoben ne ya karye; fatar bodin ce take yagewa.

Bol da noti za ka saka, da faranti ta ƙasa. Nemi bol mai kaurin milimita 10, ka duba kansa ka ga an buga 8.8. Wanda kansa yake sumul babu lamba, bar musu abinsu. Noti kuma mai roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da girgiza. In ba ka samu ba, saka biyu ka matse ɗaya a kan ɗaya. Farantin ƙasan ka sa a yanka maka daga ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, faɗinsa kamar tafin hannu, a goge kusurwoyinsa su yi kwana. Kusurwa mai kaifi ita ce take fara tsaga bodi. Wosha kaɗai ba ta isa ba.

Kafin ka taɓa injin huji, shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashin motar da tocila. Tankin mai yana nan ƙarƙashin bodi, ga tiyon da yake gangarowa daga wajen zuba mai, ga bututun birki, ga wayoyin fitilun baya, ga safaya. Daga sama duk ba ka ganin su. Za ka kuma ga sandunan ƙarfe da suka gitta ƙarƙashin bodin, su suke ɗauke da shi a kan casis. A kansu ko dab da su kake son zobenka, ba tsakiyar fili ba inda ƙarfen yake lotsawa in ka taka. Ka auna daga gefe, ka sa alama, ka sake aunawa daga ƙasa. Ka ɗan doka wurin da ƙusa don kada bakin injin ya zame. Fara da ƙaramin baki, mai milimita 4, sannan mai 10.5. Ni nakan zura guntun tiyo a jikin bakin, in bar tsininsa kaɗan a waje, don in ya ɓula kada ya zarce ya soki abin da ke ƙasa.

Bayan huji ka share garin ƙarfen tas, ka goge bakin ramin, ka shafa jan fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe kafin ka ɗaure. Wannan ne mutane suke tsallakewa, damina ɗaya sai ka ga ramin ya yi ja. Aikin mutum biyu ne: kai a sama, yaro a ƙasa riƙe da sifana.

Direban Dawanau

Usta, Allah ya ja kwana, amma ni duk wannan dogon turanci ne. Tun ina yaron mota a kan 504 a-kori-kura, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, walda muka sani. A lanƙwasa rodi, a ɗiga a gefe, a loda buhu ashirin a kama hanya. Har yau haka tawa take. Huji shi ke kawo tsatsa.

Usta Panteka

Maigida, ban ƙi taka ba, amma duba inda aka ɗiga maka: a kan ƙarfen kwana mai kauri da aka zagaye bodin da shi, ko ba haka ba? Can walda tana zama. Shi Alhaji a kan fatar bodi yake magana. Injin waldar bakin titi in ya taɓa ƙarfen milimita ɗaya ɓula shi yake yi, in bai ɓula ba ya ƙone fentin bayan, wurin da hannu ba ya kaiwa a sake shafawa, tsatsar ta faro daga ciki. Ga tanki a ƙasa, ga na'urar motar da take son a cire kan batir kafin a kunna wutar walda. Buhun masara kuma zama yake yi inda aka ajiye shi. Durom da babur ba sa zama.

Malama Injiniya

Bari in ƙara lissafi kaɗan a kan maganar Usta. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai, haka ma ta Amurka, tana ɗauka cewa a birki mai ƙarfi kaya yana turawa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, gefe kuma da rabi. Durom mai lita 200 cike da ruwa kilo 200 ne, ban da nauyin durom ɗin. Ke nan guda ɗaya zai ja kilo 160, biyu kuwa 320. Wannan ake so zobe da bol da bodi su riƙe tare.

Saboda haka, Malam, ka duba ko an buga nauyin da zobbanka za su iya a jikinsu. In babu komai, kuma mahaɗar zoben ba a like take ba, lanƙwasa ta kawai aka yi, kada ka ba su durom. Bel mai makulli ma yana zuwa da ɗan ƙyalle da aka rubuta ƙarfinsa. Igiyar roba ta tsohon tif da aka saba da ita ta rufe tamfol ce, miƙewa take yi.

Abu mafi sauƙi kuma kyauta: jingina kaya mai nauyi da bangon gaba, bayan kujeru, kada ka bar tazarar da zai yi gudu a ciki. Ka shimfiɗa masa yankin tsohuwar taya a ƙasa, ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi.

Ɗan Kadawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na leƙa ƙasan. Gefe ɗaya fili ne, ɗayan kuma inda nake son zoben tsakiya tanki ne daidai wurin, hannu ma ba ya shiga. Yaya ke nan, Usta?

Usta Panteka

Kada ka huda can. Matsar da shi gaba ko baya zuwa sandar da hannunka yake kaiwa, ka daidaita na ɗaya gefen da shi. Ba dole ne ya zauna a tsakiya cif ba. In ka nace sai wurin, sai an kwance bol ɗin bodi an ɗaga shi, wannan kuma kawo mana. Na babur ka sa biyu a kusurwoyin gaba a ƙasa, yadda bel zai ja kan babur ɗin gaba da ƙasa ya ɗan danne shokoba. Bayan sati ɗaya kana aiki da motar, ka sake bin notikan da sifana, fentin da ke tsakani yakan kwanta su ɗan saki.