Maigidana ba ya iya cewa a'a, gidanmu ya zama masaukin kowa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah shawara nake nema, a sakaya sunana. Muna zaune a Makka wajen Shari'a Mansur da yaranmu biyu, maigidana yana aiki da wani kamfanin umara. Wallahi ban taɓa ganin mai sakin hannu irinsa ba, wannan halin ne ma ya sa babana ya ba shi ni, kuma har gobe ina alfahari da shi. To amma yanzu duk wanda zai taso daga garinsu lambarsa ake ba shi, ko ƙarfe biyun dare aka kira daga filin jirgin Jidda zai tashi ya tafi ɗauko mutum, wani ko saninsa bai yi ba, ɗan ƙanin abokin wane ne kawai. Azumin da ya wuce katifu ne jere a falo har bakin ƙofa, yara suka dawo ɗakinmu, babbar tana karatun jarabawa a kicin a kan buhun shinkafa. Abin da ya fi tayar min da hankali, kuɗin da muka ware na sabunta iƙama, wato katin izinin zama, ya ɗauka ya ba wani da ya ce an yanke masa jaka, kuma kun san riyal 400 ake biya duk wata a kan kowane mutum ɗaya, mu uku 1,200 kenan. Da na yi magana sai ya ce baƙon Allah ne, Allah zai mayar. Ni ba so nake ya zama marowaci ba, so nake ya gane mu ma muna cikin masu haƙƙi. Ta ina zan ɓullo masa?

Hajiya Babba, unguwar Jarwal a Makka: Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara gode wa Allah, wasu kukan rowa suke yi. Iyayenmu da ƙafa da jaki suka ratso Chadi da Sudan, wasu sun yi shekaru a hanya suna noma kafin su tsallako teku daga Sawakin, da ba su tarar da irin mijinki ba da ba mu zauna a garin nan ba. Kar ki kashe masa wannan halin, ki dai lallaɓa shi.

Maman Hanan: Hajiya ki yi haƙuri amma zamanin ya canza. A hajjin 2025 hukuma ta sanar da tarar da ta kai riyal 100,000 ga wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a Makka ko ya ɗauko shi a mota lokacin aikin hajji, shi kuma wanda ya yi hajjin ba tasrihi, wato takardar izini, har 20,000, in ba ɗan ƙasa ba ne a haɗa masa da tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu. Mutumin da ba ya tambayar baƙo da wace biza ya shigo wata rana alherinsa ne zai sa a kwashe ku gaba ɗaya, kuma waɗanda ya sauke ɗin ba wanda zai biya masa ko riyal ɗaya. Wannan kam ki faɗa masa yau, kar ki jira Shawwal.

Malama, Madina: 'Yar'uwa kyauta baiwa ce, amma mai baiwa shi ne ƙarshen wanda ke ganin inda ta wuce gona da iri, saboda ta nan ake yabonsa tun yana yaro, duk wanda ya ce masa rage sai ya ji kamar an ce ya daina zama mutumin kirki. Shi ya sa in kika ce "ka cika kyauta" ba zai ji ki ba. A garin da kuke zaune ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta rashin lafiya a hajjin bankwana, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce rabi, ya hana, sai a sulusi ya yarda kuma ya ce sulusin ma da yawa, barin magada da wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane. Bai zargi niyyar Sa'adu ba ko kaɗan, iyaka ya sa mata. Ga aya ta 29 a Suratul Isra'i da ta hana ƙuƙunce hannu ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya. Ki samu lokacin da ba baƙo a gidan, ki kawo takarda ku rubuta haya, iƙama, makaranta, cefane, abin da ya saura ku ware wani kaso ku kira shi na baƙi. Kin ga ba ki hana shi ba, in kason ya ƙare ya ƙare.

Ummu Khalil: Ni kuma ke zan tambaya, ranar da kuɗin iƙamar suka tafi wa ya cike? In ce dai ba sarƙarki kika sayar ko kika ci bashi a ɓoye ba. Haƙurinki da kawaicinki su ma baiwa ne, amma su ne ke rufe masa ido, shi yana ganin tukunya na cika kullum, baƙi na ta sa albarka, ina zai san akwai matsala? Ki bar shi ya ga bashin mai bakala, wato mai kantin unguwa, da idonsa ko sau ɗaya.

Mai tambaya: Ummu Khalil kamar kina gidan, adashina na ɗauka na cike kuma har yau bai sani ba. Na gode Malama, zan gwada takardar. Amma in sa yayansa da ke Jidda a maganar ko in bari tukuna? Tsorona kar a ce matar wane ta fara korar dangi.

Maman Hanan: Ki bari tukuna, in magana ta fita gida sunanta ƙara. Ku biyu ku fara, kuma ki faɗa masa zancen adashin da adadinsa. In ya amince da kason baƙi sai ki roƙe shi abu ɗaya, duk wanda ya kira kar ya amsa nan take, ya ce bari in duba in kira ka, ya tambayi irin bizarsa da kwana nawa zai yi. In an zo watan Shawwal ba abin da ya canza, a nan ne za ki nemi yayan nasa, shi ma ki fara da maganar tara don ita ce ba mai musun ta.