Neman kalma: me za mu kira fototerafi da Hausa?

Jama'a dan Allah ku taimaka da kalma. Ana son fassara takardar bayani ga waɗanda suka gama jinyar kansa, wato ciwon daji, amma fatarsu ta dame su, wasu ƙaiƙayi ne ya hana su barci, wasu fararen tabo suka fito musu bayan sababbin alluran nan masu zaburar da garkuwar jiki, wasu kuma bayan dashen ɓargo fatar ta yi ja tana saɓa. Likitan fata kan tura irinsu fototerafi, wato mutum ya shiga wani akwati a tsaye mai dogayen fitilu, an sa masa baƙin tabarau, namiji ya rufe gabansa, a kunna na 'yan daƙiƙu a farko ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sau 2 ko 3 a sati.

Da na tambaya jiya mutane da yawa suka ce maganin haske. Wannan ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. A bakinmu maganin abu shi ne abin da ke kawar da shi, maganin sauro, maganin ciwon kai. Kuma mafi muni, ka ce wa mace maganin haske wallahi man bilicin zai fara zuwa mata a rai, mutumin da fatarsa ta riga ta sha wahalar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ya je ya shafa bilicin ai an cuce shi.

Wani yayanmu ya kawo gashi. A'a yaya, gashi an riga an ba radiyoterafi, shi ake cewa gashin cutar kansa, ga kuma gashin ƙashi na masu karaya. Wadda ta yi makonni ana gasa mata ƙirji ka ce mata za a sake gashi, ba za ta dawo asibiti ba, alhali wannan hasken iyakarsa fata, ba ya shiga ciki kamar wancan.

Wata anti nas ta ce shan haske, kamar shan hantsi. Kalmar ta yi min daɗi a baki gaskiya, sai dai tsorona kar mutum ya ce to ai rana kyauta ce ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wasu magungunan kansa irin su methotrexate da capecitabine da vemurafenib suna sa fata ta ƙone da rana fiye da yadda aka saba, shi ya sa ake auna hasken a asibiti.

Inda na tsaya shi ne magani da haske, da "da" ɗin nan a tsakiya, amma kar a bar shi haka, dole a faɗi wane haske, don hatsarinsu ba ɗaya ba ne. UV wani irin haske ne da ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa. A cikinsa akwai hasken UVB siriri mai tsawon zangon nanomita 311 zuwa 313, shi aka fi amfani da shi yanzu kuma binciken da aka yi a kansa bai nuna ƙaruwar kansar fata a fili ba kamar ɗan uwansa PUVA. Shi PUVA tun 1974 likitoci a Amurka suka fito da shi, sai ka sha ƙwayar soralin mai sa fata ta ƙara jin haske sannan a haska ka da hasken UVA, yana aiki sosai amma an bi marasa lafiya shekaru an ga yana ƙara kansar fata, musamman wanda aka haska fiye da sau 200. Don haka wanda ya taɓa yin kansar fata irin ta melanoma, ko aka gasa masa wajen, ko yana shan maganin danne garkuwar jiki, likitan fata da na kansa su ne za su zauna su yanke, galibi ma PUVA ba a ba su. Zabiya kuwa da rana kawai ke jawo musu kansar fata, batun UV a kansu ba abin wasa ba ne.

Sai jan haske, wanda babu UV a cikinsa, ana haska cikin baki da shi don rage gyambon da kemo ko radiyoterafin kai da wuya ke kawowa, ƙungiyar MASCC ta masanan kula da masu jinyar kansa ta sa shi cikin shawarwarinta. Shi ma ana kauce wa haska daidai inda ƙarin kansar yake. Fitilun da ake tallarsu a intanet wai na gyaran fuska, kar wanda ya yi jinyar kansa ya saya sai ya nuna wa likitansa.

To a takardar zan rubuta magani da hasken UVB, magani da ƙwaya da hasken UVA, magani da jan haske. Shuɗin hasken da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinsa shi ma ya shiga layin ba gyara. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da likitocinku ke magana da Faransanci, me nas ɗinku ke ce wa marar lafiya in za a shigar da shi akwatin? Ku faɗa min kafin a kai takardar bugu.