Abin da na tsinta a hirar tsamin ruwan teku

Jiya wajen mai shayi a Samaru wani ƙaninmu ɗan kemistiri ya ce zai yi furojet kan tsamin ruwan teku, wai ruwan dam ɗin Kubanni zai ɗebo ya auna. Aka kwashe da dariya, aka ce malam ruwan daɗi daban na gishiri daban, in da gaske kake sai Legas.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kar ya tsaya kan pH kaɗai, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa, wadda ke sauka in tsami ya ƙaru. Ma'aunin tsamin teku mai lamba 14.3.1 cikin muradun Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda UNESCO ke tattara bayanansa, so yake a auna aƙalla biyu cikin abubuwa huɗu na sinadarin kabon da ke cikin ruwan (pH ɗaya ne daga cikinsu), a haɗa da zafin ruwan da gishirinsa, kuma wuri ɗaya za a riƙa komawa shekara da shekaru.

Wani ya ce saukar da pH ɗin teku ya yi daga 8.2 zuwa 8.1 ai ba komai bane, babban yayanmu ya ajiye kofi ya ce wannan 'yar saukar kusan kashi 30 ce ta ƙarin tsami, tunda teku na shanye wajen rubu'in hayaƙin kabon da muke fitarwa, halittun teku irin su kawa kuma yin ɓawo ke musu wuya. Mitar auna pH ma a saita ta kafin kowane awo.