Kamun ƙafa daga Kumasi kan dokar saki a Kano

Alhaji Mai Goro: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na dawo daga Kano, na sauke kaya a Mariri, kuma na taho da magana. Kun tuna dokar iyali da Sarki Sanusi ya yi shelarta a Fabrairun 2017, aka tara malamai suka rubuta daftari, aka yi ta sa-in-sa har maganar ta kwanta? To an mayar da shi sarauta a Mayun 2024, a shekarar kuma ya kammala digirin dakta a Landan, bincikensa a kan rubuta dokar iyali ne, ya gwada Kano da Maroko. Wanda ya sha wannan wahala ba don ya kulle takarda a kabad ya sha ta ba. A Maroko tun 2004 namiji ba ya sakin matarsa sai da izinin kotu. Abin da nake nema shi ne duk mai dangi a Kano mu haɗa takarda guda, mu sa hannu, mu aika wa 'yan majalisar jiha, su 40 ne kacal. Mu ce duk ranar da aka kawo musu ƙudirin da zai taɓa saki, su yi watsi da shi. Saki haƙƙi ne da Allah ya damƙa wa miji, majalisa ba ta da hurumi a ciki.

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam Baba, sannu da hanya. Amma me zai sa ɗan majalisar Fagge ko na Dala ya saurari mutanen Kumasi? Najeriya ba ta ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a daga inda suke ba. Yana ganin lambar Gana a wayarsa zai ɗauka roƙon kuɗin mota ne.

Alhaji Mai Goro: Yaro, katin zaɓena na Fagge ne, kowane zaɓe sai na hau mota na je. 'Ya'yana mata biyu suna aure a can. Kuma kada ka raina matsin jama'a. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Kano ba ta yi tata ba sai 2023. Me kake zato ya riƙe ta shekara 20? Ɗan siyasa bai fi tsoron komai ba kamar mumbarin Juma'a.

Hajiya Magajiya: Alhaji, 'ya'ya mata biyu kake da su a Kano, kuma wannan takarda kake son rubutawa? Ikon Allah.

Alhaji Mai Goro: Hajiya, saboda su ma nake yi. Ki bari in faɗa miki abin da zai faru. Idan aka ce sai an je kotu, talaka ba zai je ba. Kuɗin mota, ɗage zama, tonon asirin cikin ɗaki a gaban 'yan kallo. Sai kawai ya sa takalminsa ya tafi Legas ko Agadas, ya bar yarinya a rataye, ba aure ba saki. Yanzu ko ba komai tana karɓar takardarta ta yi idda ta sami wani. Ku dubi Indiya: a 2019 sun yi dokar ɗaure wanda ya yi saki uku a lokaci guda, har shekara 3. To yana kurkuku wa zai ciyar da yaran?

Uwar Biyu: Baba, ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mai yawan magana ba ce a nan. Wannan ratayar da kuke tsoro, ni na yi ta, kuma ba kotun da ta jawo min. Uban 'ya'yana ya kira ni a waya daga Tema da daddare, ya ce ya sake ni saki uku, in fitar masa daga ɗaki kafin ya dawo. Ɗakin nan a Aboabo, rabin kuɗin hayar shekara biyun da aka biya daga cinikin kokona da ƙosai ya fito. Na kwashe yara na koma gidanmu. Bayan wata biyar da wani ya fito neman aurena, sai ya ce shi bai sake ni ba, fushi ne kawai, in kawo shaida. Ba takarda, ba wanda ya ji. Shekara biyu da wata huɗu ina yawo tsakanin limamai da dattawan unguwa, wannan ya ce na saku, wancan ya ce ina da aure. Mai neman ya gaji ya tafi. Da akwai wurin da aka tilasta masa ya je ya rubuta abin da bakinsa ya furta, da ban yi wannan asarar shekaru ba.

Mai Shayi na Yalwa: Subhanallah. Allah ya saka miki, ƙanwata.

Alhaji Mai Goro: Allah ya ba ki haƙuri 'yata. Amma wannan rashin tsoron Allah ne na mutum ɗaya. Wa'azi yake bukata.

Hajiya Magajiya: Mutum ɗaya? Alhaji, zo ka zauna a tsakar gidana ranar Asabar ɗaya ka ƙirga. Wa'azi kuwa tun muna 'yan mata ake yinsa, lasifika ta ƙaru, sakin bai ragu ba. A Kanon taka ma, a farkon 2009 zawarawa sun shirya fitowa titi don su kai kuka, Hisba ta hana. Daga 2012 gwamnati ta shiga aurar da zawarawa da kuɗin jama'a, a Oktoban 2023 ma'aurata 1,800 aka ɗaura wa aure a tashi ɗaya. Gwamnati ta sayi gado da katifa ta biya sadaki, ba wanda ya ce ba ta da hurumi. Sai an zo ƙofar fita ne hurumin ke ɓacewa?

Malamin Makarantar Dare: Ina ta karantawa, bari in sa nawa. Alhaji yana da gaskiya a wuri guda, kuma wurin ba ƙarami ba ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, da sauran ukun, idan miji mai hankali ya furta saki da lafazi bayyananne, ya auku, ko da alƙali ko babu. Idan doka ta ce wannan furuci ba komai ba ne sai an je kotu, za a sami mace da namiji a ɗaki guda, takardar gwamnati ta ce ma'aurata ne, malamin unguwa ya ce sun haramta ga juna. Wannan fitina ce babba, ni ma ba zan goyi bayanta ba.

Amma Alhaji, inda na rabu da kai shi ne cewar da ka yi hukuma ba ta da ta cewa ko kaɗan. Buɗe Suratuɗ Ɗalaƙ. Aya ta farko ta ce a yi saki ga iddarsu, a ƙididdige idda, kada a fitar da su daga gidajensu. Ta biyu ta ce a kafa shaidu biyu adilai. A Nisa'i aya ta 35 an ce idan an ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A Baƙara ta 241 an ambaci abin sallama ga wadda aka saka. Faɗa min, a cikin saki goma da ka sani a Zango, nawa ne matar ta yi idda a ɗakinta yana ciyar da ita? Mun riƙe haƙƙin da aka ba mu da hannu biyu, mun saki sharuɗɗan da aka ɗaura masa. Sayyidina Umar da ya ga mutane suna wasa da saki uku, ai a matsayinsa na shugaba ya zartar musu da shi uku don su shiga taitayinsu. Ashe shugaba yana da ta cewa.

Alhaji Mai Goro: Allah gafarta Malam, ai ko a Masar da shugabansu Sisi ya nemi a soke sakin baka a 2017, manyan malaman Azhar ƙi suka yi.

Malamin Makarantar Dare: Haka ne, amma rabin zancen ka kawo. Sun ce sakin baka yana aukuwa. A cikin wannan bayani dai suka ce wajibi ne mai sakin ya gaggauta rubuta shi a hukumance, kuma shugaba yana da damar sa hukunci a kan wanda ya ƙi ko ya yi jinkiri. Wannan rabin na biyun shi ne maganin abin da ya sami 'yar'uwarmu.

Ɗan Asawase: Wato Azhar ta ba Baba rabi, ta ba Hajiya rabi.

Lauyan Zaure: Bari in ce wani abu kan yadda ake kamun ƙafar ma, tunda shi ne asalin maganar. Ƙudiri yana shiga karatu na farko, sai na biyu inda ake muhawara, sai a miƙa wa kwamiti, a nan ne ake kiran jama'a su kawo ra'ayi. Takardar da ke tasiri ita ce wadda ta ce sashe kaza a cire, sashe kaza a gyara shi haka, ga dalili. Wadda ta ce a yi watsi da duk abin da ya taɓa saki, tun ba a ga rubutunsa ba, akawu ne zai buga mata hatimi ya sa a fayil. Kuma Baba Alhaji, majalisar nan ta riga ta shiga harkar aure: a Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila da ƙanjamau. Ban ji an haɗa sa hannu daga Kumasi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne muna hangen Kano, namu ɗakin yana yoyo. A nan Gana akwai dokar auren Musulmi tun 1907, zamanin Turawa, kuma tana nan har yau. Ta ce ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su je su yi rajistar aure cikin mako guda, saki kuma cikin wata guda. Wanda ba a yi wa rajista ba, dokar ba ta ɗauke shi auren Musulunci ba, yawanci sai kotu ta duba shi a matsayin auren gargajiya. Idan makon ya wuce sai an nemi izinin alƙalin babbar kotu. Waye a cikinmu ya yi?

Mai Shayi na Yalwa: Lauya, ni yau na fara jin wannan. Namu rajistar ai goro ne da dabino da hoton waya.

Alhaji Mai Goro: To ka gani? Ka ba ni hujja da bakinka. Doka ta shekara fiye da 100 tana kwance ba wanda ya san ta. Haka ta Kano za ta zama, sai dai ta zama sandar dukan talaka a hannun ɗan sanda, mai kuɗi ya wuce abinsa.

Lauyan Zaure: Wannan kam ban musa maka ba, Baba. Dokar da ofishinta ya yi nisa da mutane matacciya ce. Shi ya sa da ni ne mai rubuta wa 'yan majalisar, cewa zan yi a sa rajistar a hannun limamin unguwa da mai unguwa, kyauta ko da kuɗi kaɗan, kotu ta zama wurin ƙarshe. Kano ma ta fi mu sauƙi, tana da kotunan Shari'a da Hisba a ƙananan hukumomi 44. Mu nan sai ofishin limami da kotun iyali.

Uwar Biyu: Ni dai ko a bayan kwalin sukari ne a rubuta, in dai da sa hannun shaidu kuma ba zai iya musawa ba.

Malamin Makarantar Dare: Alhaji, idan ka gyara takardar ta ce kada a soke aukuwar sakin baka, kada a ɗaure miji, amma a wajabta rubutawa da ciyarwar idda da ta yara, ni ne farkon sa hannu.

Alhaji Mai Goro: Malam, na ji, kuma na girmama. Amma na san 'yan siyasa. Ka ba su yatsa su kama hannu har kafaɗa. Yau rajista, gobe izini, jibi a ce mata ta biyu ma sai alƙali ya duba aljihunka, wanda dama da shi aka buɗe maganar a 2017. Takardata tana nan yadda take. Mai so ya same ni a shago bayan La'asar, ko ya turo sunansa.

Hajiya Magajiya: Madalla. Mu ma ranar Asabar za mu zauna a gidana, Lauya ka zo da biro, Malam ka zo da ayoyin nan. Za mu rubuta tamu zuwa ga mutum 40 ɗin nan dai, da sunayen matan Zango masu 'ya'ya da ƙanne a Kano, kuma ina tabbatar maka layinmu zai fi naka tsawo. Alhaji, yaushe motar goro za ta tashi? Kai za ka kai mana.

Alhaji Mai Goro: Hajiya, ke ba ki da dama. Laraba ta sama. Ki kawo, amma a ambulan daban.