Busua: abin da waɗanda suka je suka ce

Da hira ta kai kan hutu a bakin teku, baki ya zo ɗaya kan Busua, ƙauyen masunta a yammacin Takoradi, ƙasar Ghana. Shawarar farko: a guji Mayu da Yuni, lokacin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nuwamba zuwa Maris ya fi. A fito da sassafe, a ga masunta na jan koma zuwa gaɓa, kifi na tsalle kan rairayi. Mai ƙarfin ƙafa ya taka zuwa garin Dixcove da ke kusa ya ga ganuwar Metal Cross da Turawan Ingila suka gina. Ni nan zan fara, saboda tarihin cinikin bayi. Wanda bai iya iyo ba kuwa, kada ruwa ya wuce masa gwiwa.